Muryar da Aka Ɗora wa Zakara

Shekara biyu na yi ina lallashin yayana ya taka gidanmu na Garo. Abinci yake sayarwa a tashar Gwarzo, kuma duk wanda ya san shi ya san yadda yake ɗaura zani wajen girki, da yadda yake karya murya. Ɗan daudu, kalmar ke nan, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. Babu wanda ya taɓa korarsa da baki, amma da ya shigo sai hira ta mutu, shi kuwa ba yaro ba ne, ya gane, ya ɗauke ƙafa. Inna ta tsufa, idonta ya dushe, kullum shi take tambaya. Ni ce 'yar aike tsakaninsu, har na gaji da jin bakina.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi, cikin kaftani da hula, yana tafiya a takure. Ya durƙusa gaban Inna suka yi doguwar gaisuwa, ta kama hannunsa ta ƙi saki. Matan gida suka fito suka gaishe shi. Na ce a raina yau kam an dace.

Ana cikin haka 'yar ƙanwata ta kunna wani katun da aka tura mata a waya. Gajere ne ƙwarai. Wani zakara ne da ba ya cara, ya fi son ya kwanta a kan ƙwai, sauran kaji na ta tsattsagarsa. Asalinsa babu magana sai kiɗa, amma masu fassarar nan namu ina suka ga barin shiru? Sai suka ɗora masa muryar daudu: "Wayyo ni 'yasu, ku bar ni in ji da ƙwaina, ahayye!" Tsakar gida ta kwashe da dariya. Wallahi ni ma ta kufce mini, kafin in tuna wa ke zaune a kan tabarma.

Yaya ya miƙa hannu ya ce wa yarinyar, "Kawo in gani, 'yata." Ya kashe muryar, ya mayar da shi farko. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ashe in babu muryar, abin ba na dariya ba ne sam. Kuka zakaran yake yi. A ƙarshe ƙwan ya ƙyanƙyashe, kajin suka matsa suka ba shi wuri a kan sandar kwanansu. Cikin minti kaɗan an gama komai, an shirya, abin da mu muka kasa tun ina budurwa.

Ya mayar da wayar, ya ce wa Inna ya bar tukunya a wuta. Ta ce haba, ko ruwa bai sha ba. Na raka shi bakin titi ina ta zuba, yara ne ba su da hankali, masu fassara kuma Allah ya shirye su.

Ya ce, "Ƙyale yara, ƙanwata. Taki na ji. Na san dariyarki tun ba ki da haƙori."

Ya tsayar da mota ya shiga. Da na koma ciki Inna ta juyo da fuskarta wajen takuna, ta ce me aka yi masa. Na ce mata ban sani ba.