Tayil ɗin da Baba Hamad ya ƙi wankewa

Shekara goma sha tara ke nan, da an sallame asuba Baba Hamad zai kama jirgin ƙasa na metro daga unguwar Hadayek el-Maadi zuwa Abbasiya a birnin Alƙahira. Yana isa kulob ɗin iyo sai ya sa tabaran ruwa, ya ɗauki buroshi, ya nutse yana goge tayil ɗin ƙasan tafki ɗaya bayan ɗaya, da numfashin da Allah ya ba shi kawai. Iyayen yara ko sunansa ba su sani ba, Ammu, wato kawu, suke ce masa su wuce. A watan nan zai ajiye aiki, kunnuwa sun gaji da ruwa, ni kuwa na rantse ba zai tafi shiru ba.

Bahaushen Sudan ne, ɗan masuntan Mai Wurno. In ya tuna gida, ba kasuwa yake tunawa ba, kogi ne da sanyin safiya, da muryar mahaifinsa daga cikin jirgi yana cewa taru ya maƙale a saiwa. Shi ake turawa ƙasa. Hannu biyu na riƙe da taru, to da me zai yi iyo? Sai ya haɗe ƙafafu ya riƙa kaɗa jiki kamar tarwaɗa. Sai da ya zo Alƙahira ya ji wai abin har suna gare shi, bugun kifin dolfin, kuma da shi ake cin gasa.

Kaftin Alaa, mai horar da 'yan wasa, daga sama yake kallo da agogo a hannu. Baba Hamad kuwa daga ƙasa yake gani, don sau da yawa ana fara atisaye bai gama layin ƙarshe ba. Ta nan ya lura da Muhannad, saurayi ɗan gudun hijira, shi ma Bahaushe, da yaƙi ya koro daga Sennar ta Sudan. Kakar wasa ɗaya aka ba shi a tawaga: in ya kawo lokaci mai kyau ya zauna, in bai kawo ba, khalas, shi ke nan. A saman ruwa ba mai kama shi, amma da ya juya a bango ya nutse, kowa sai ya wuce shi.

Wata safiya tsohon ya tare shi da Hausa, har saurayin ya firgita.

"Ɗana, ruwan nan laifin me ya yi maka kake dukansa da gwiwa? Daga ƙirji ake farawa."

Ya murɗe tawul ya ba shi ya riƙe da hannu biyu, kai a matse tsakanin damatsa. Ya nuna masa yadda motsi ke gangarowa daga ƙirji zuwa ƙugu har yatsun ƙafa, ya ce ƙafa in ta sauka da ƙarfi, ta hau da ƙarfi, kada ta dawo a mace. Wata uku suna haka kafin kowa ya iso. Kullum maganarsa ɗaya ce: kada ka fito sai numfashi ya ce ka fito.

Ranar gasa Muhannad ya riga kowa taɓa bango, ya ɗago yana dariya, sai ga alƙali ya soke shi. Doka ta ce kan ɗan wasa ya fito daga ruwa kafin mita goma sha biyar daga bango, shi kuwa sai a sha bakwai ya ɓullo. Ya san dokar sarai, amma a ƙarƙashin ruwa muryar tsohon ce a kunnensa. Baba Hamad kam bai taɓa jin dokar ba. Ranar gasa ai ba a barin mai wankin tafki kusa, kuma a kogi wa ya taɓa auna mita? Kaftin Alaa ya ce saura dama ɗaya.

Abin ya ci ran tsohon ƙwarai. Bai ce ma'alish, ba komai, ya kau da kai ba, ya samu Muhannad ya ce, "Ni na kayar da kai. Ka yafe mini."

"Haba Baba, kai ka koya mini gudu."

"To yanzu zan koya maka tsayawa."

Ya auna daga bango, ya zaɓi tayil ɗaya a mita goma sha uku, ya daina wanke shi. Mutumin da ko ɗigon datti ba ya bari! Tayil ya yi duhu, manaja ya yi ta faɗa, shi kuwa sai ya ce tamam, gobe. Muhannad ya riƙa ƙirga bugu har ya hango baƙin tayil: tara cif, sai ya fito. Ya yi ta yi har jikinsa ya haddace. A gasa ta biyu, a tafkin da babu wata alama a ƙasa, ya buga tara ya ɓullo, ya zo na biyu. Yana cikin tawagar har yau.

Baba Hamad, kai ne ka ga abin da masu agogo ba su gani ba. Kai ne ka yi kuskure ka amsa shi da bakinka, ka gyara da hannunka. Na ƙasan ruwa, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya nuna maka kogin Mai Wurno cikin zaman lafiya. Mu kuma da ke wuce irinsu da gaisuwar fatar baki, mu tsaya mu tambayi abin da suke gani, in mun san wani abu mu ma kada mu yi rowa da shi.

Jiya ya ɗauki buroshi zai goge tayil ɗin, wai kada ya bar wa na bayansa datti. Kaftin Alaa ya riƙe masa hannu, ya nuna masa ƙananan yara a jere a bakin bango, ya daka musu tsawa da Larabci: "Yalla, a nutse, kowa ya fito a tayil ɗin Ammu Hamad!"

Tsohon ya ajiye buroshin. Ashe sun san sunansa.