Dakta Halliru Nariya da Zaren da Bai Ga Naɗewarsa Ba

Haihuwa da Karatu

A daminar shekarar 1958 aka haifi Halliru a Nariya ta ƙasar Kibiya, ɗa na fari ga Malam Ƙasimu, limamin unguwarsu, da Malama Jumai. Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya yi firamare a Kibiya da sakandare a Rano, sannan ya wuce jami'a a Zariya, inda ya kammala digiri a kimiyyar fiziks a 1983.

A 1991 ya tafi Turai neman digiri na uku, kuma a can ya gamu da abin da ya cinye masa sauran rayuwa, wato DNA, siririn zaren nan da ke cikin ƙwayoyin jikin mai rai, wanda ke ɗauke da kamannin gado. Lissafinsa ya nuna cewa idan aka ja zaren a hankali ana murɗa shi, zai yi ta jurewa har a kai wani mizani, sai farat ɗaya ya lanƙwashe, ya naɗe kansa, ya gajarce, kamar igiyar guga da aka murɗe fiye da kima. Abokan aikinsa suna harhaɗa na'urar da za ta nuna hakan: a liƙa bakin zaren a gilashi, ɗaya bakin a jikin ɗan mitsitsin ƙwallon ƙarfe, a riƙa juya ƙwallon da maganaɗisu ana kallonsa ta madubin ƙara girma. Saura ƙiris a gama, a 1995, Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Ya dawo da niyyar zaman makoki kawai, nauyin ƙanne ya riƙe shi, bai sake komawa ba.

Aiki da Iyali

Ya auri Hajiya Ikilima tun a 1986. Bayan dawowarsa ya koyar a wata kwaleji a Kano, yana zana zaren da alli a kan allo ga ɗaliban da hankalinsu ke kan jarrabawa. Ya nemi a sayo na'urar, aka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi wani kwamitin. Haka aka yi ta jan sa har ya yi ritaya a 2018, furfura ta cika masa kai, ya gaji matuƙa.

Zaman Rano

A gidansa na Rano ya harhaɗa tasa na'urar da hannunsa, wani tsohon aboki kuma ya aiko masa da zaren. Burinsa ɗaya tak: ya juya maganaɗisun da kansa, ya ga ƙwallon ya nutse a daidai lokacin da zaren ya naɗe. Sai dai aikin ba ya son ko ƙanƙanin girgiza, ga injin niƙan maƙwabcinsa Badamasi a bayan katangarsa, ga babura a lungu. Da dare babu wutar sola, janareta kuwa ya fi injin girgiza tebur. Da ya roƙi Badamasi, sai ya ce, “Haba Dakta, in na kashe, gida nawa za su kwana ba tuwo?” Dakta bai sake tayar da maganar ba.

Lokaci guda unguwar ke yin tsit alhali rana na tsaka: sa'ar sallar Juma'a. 'Yarsa Muhsina, wadda ta karanta kimiyyar halittu, ta ce ya zauna ko sau ɗaya, tunda ƙafarsa na ciwo. Ya ce, “Ɗan limamin Nariya ya bar Juma'a saboda zare? In ce wa marigayi Malam me?” Don haka ita ke zama a gaban na'urar, shi ya ɗingisa zuwa masallaci. A 2021 ta ga zaren ya naɗe daidai inda ya lissafa. Kafin ya dawo an tada injin. Ta nuna masa abin da kwamfuta ta ɗauka, ya duba, ya sa mata albarka, amma kowa ya ga ba abin da ya so ke nan ba. Haka kowace Juma'a, yana doso lungu yana jin injin ya riga shi.

Rasuwa

Ya rasu ranar wata Laraba a watan Sha'aban na 2024, bayan doguwar jinya. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar Rano. Domin girmama shi Badamasi ya rufe injinsa kwana uku, aka tare lungun da tabarmin masu gaisuwa, ko babur bai gifta ba. A rana ta biyu Muhsina ta shiga ɗakin na'urar da hantsi ta kunna ta, ta ga ƙwallon ya natsu yadda bai taɓa yi ba, ga rana tar, ga lokaci har la'asar. Ba ta taɓa maganaɗisun ba. Ta kashe, ta lulluɓe da zani.

Ya bar matarsa Hajiya Ikilima da 'ya'ya huɗu: Hussaini, Sadiqa, Munzali, da Muhsina, wadda mabuɗin ɗakin ke hannunta.