Raffas ɗin da ya jawo Iya gaɓa

A shekarun da wuta ke yawan ɗaukewa a Alƙahira, ina 'yar shekara goma, muna zaune a wani ɗan gida a Abbasiya. Da an yi magariba fanka ta tsaya, sai Iya, kakarmu da ta zo daga Bur Sudan, ta hura gawayi a baranda ta ɗora shayi.

"Yalla, ku matso," in ji ta. "Yau ba Gizo, gaskiya zan ba ku."

Labarin raffas ne, ɗan jirgin sojan ruwa mai jan manyan jirage. Iya ta ce gajere ne, mai faɗin ciki, an rataye masa tsofaffin tayoyi ta ko'ina. Ba shi da igwa ko ɗaya. Rabin cikinsa inji ne, a bayansa kuma igiya mai kaurin cinyar mutum. Ba ya nisa da gaɓa.

Tana budurwa suka tashi aikin hajji da mahaifinta. Ba su yi nisa ba injin jirginsu ya mutu, iska ta riƙa tura su wajen duwatsun cikin teku. Maza suka hau salati, mahaifinta ya riƙe hannunta yana karanta mata kalmar shahada. Can sai ga raffas yana tafe, yana aman baƙin hayaƙi. Wani siririn matashi ya jefo igiya, ta faɗa ruwa. Ya sake jefowa aka cafke. Wajen ɗaure ta a jikin raffas ta matse masa hannu, yatsu biyu suka tafi, amma bai saki ba.

"Ya mutu, Iya?" ƙanina ya tambaya.

Ta yi dariya har ta zubar da shayi. "Da ya mutu, wa zai haifi ubanku? Babana ya je duba shi a asibiti, ni na ɗauki kwanon abinci."

A wancan lokacin, zancen aurensu ne kawai ya burge ni. Sai da Iya ta rasu na tuna cewa duk bayan salla tana yi wa sauran ma'aikatan raffas ɗin addu'a, mutanen da ko sunansu ba ta sani ba. Yanzu ni ke yi musu. Ina kuma haɗawa da duk wanda ya taɓa cetona ya tafi ban san shi ba.