Ƙi-Zauna da Yarinyar Gado na Tara

Shekara goma sha tara ke nan tana aiki a ɗakin yara na asibitin, kuma ba a cika ganin ta a kan kujera ba. Ko abinci a tsaye take ci, shi ya sa nas-nas suka sa mata suna Ƙi-Zauna. Ba ta yi boko ba. Aikinta goge ƙasa, sauya zanen gado da zubar da fo, wato mazubin fitsari da bahayan yaran.

A watan da mura mai tsanani ta cika ɗakin, an raba yaran bisa sakamakon gwaji: masu nau'in A a hagu, masu nau'in B a dama. Ita ba ruwanta da haruffa. Abin da ta lura shi ne na hagu sun fi ƙanƙanta, jikinsu rau kamar wuta, wasu har da jijjiga. Na dama sun ɗan tasa, ga amai, ga ciwon ciki.

Yarinyar gado na tara tana dama, shekararta shida. Zazzaɓinta ya sauka, an ce bayan zagayen likita za a sallame ta. Uwar har ta ɗaure kaya.

Da Ƙi-Zauna ta ɗauki fon yarinyar, sai ta ga fitsarin ya yi duhu kamar shayin da ba madara.

"'Yar nan, yaushe rabon ta da takawa?" ta tambayi uwar.

"Tun shekaranjiya nake saɓa ta, Inna. Shagwaɓa ce kawai, ubanta ya lalata ta."

Ƙi-Zauna ta nufi nas ɗin da ke kan aiki, wadda yara talatin ke jiran ta, ta nuna mata fon.

"Haba Inna, yau kuma kin zama likita? Zubar ki wanke, don Allah."

Ba ta zubar ba. A dokar ɗakin, mai shara ba ya buɗe baki lokacin zagaye, kuma an taɓa ja mata kunne a kan haka. Sai ta rufe fon, ta ajiye shi a bakin gadon, daidai inda likita zai tsaya. Ta goge ƙarƙashin gadon. Ta je ƙofa ta leƙa, ta dawo ta sake gogewa. Uwar ta ce, "Inna, kin kusa cinye simintin nan."

Likita ya iso, saura kaɗan ya yi tuntuɓe.

"Wa ya bar wannan a nan?"

Babbar nas ta watsa wa Ƙi-Zauna harara. Ita kuwa ta sunkuya ta ɗage murfin. Likita ya duba, ya matsa sha-raɓar yarinyar. Ta ƙwalla ƙara.

Nan take ya soke sallamar, ya sa a ɗebi jini, a ɗaura mata ƙarin ruwa. Ya yi wa uwar bayani cewa irin wannan murar takan kama naman ƙafar yara, in abin ya yi tsanani kuma ya taɓa ƙoda. Uwar ta kwance kayan.

Bayan zagaye, babbar nas ta kira Ƙi-Zauna ofis, ta yi mata faɗan barin ƙazanta a hanya. Ƙi-Zauna ta ce a yi haƙuri. Tana fita, babbar nas ta ƙara da cewa, "Gobe in kin ga irinsa, ki kawo mini."

Kwana biyar yarinyar ta ƙara. Ranar da aka sallame ta da ƙafarta ta sauka daga gadon, ta ƙi yarda uwar ta ɗauke ta.