Harshen Goggo Hindu

A Dogarawa, duk wanda ya yi aure ko aka yi wa ɗansa suna kafin shekarar dubu biyu da uku, ya ci miyar Goggo Hindu, ko ya sani ko bai sani ba. Ba mai sayar da abinci ba ce, ba ta taɓa kafa rumfa a tasha ba. Girkin taro ne aikinta. In biki ya matso, uwar amarya takan aika mata goro da sabulu tun saura mako guda, ranar kuwa sai a gan ta da hantsi tana tafe, ludayinta na duma a hannu, wanda ya yi baƙi saboda daɗewa.

Takan tarar an jera duwatsun murhu, an girka manyan tukwane, mata sun fi goma ana ta daka da yanka. Ita ba ta daka, ba ta wanke nama. Turmi ake kife mata a inuwa ta zauna ta zuba ido. Sai miya ta ɗauko nuna za ta tashi, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta ɗan lumshe ido. Abin da ta faɗa bayan nan ba mai musa shi. "Ku ƙara daudawa guda biyu." Ko kuma, "Wanga gabu na bara na, ku zubas." Gishiri kuwa ba ta barin kowa ya taɓa, da hannunta take zubawa. Mutanen da suka ci wannan zamani har yau suna zancen miyar yakuwarta, wadda ake sauke ta ana la'asar amma ƙamshinta ya kwana a unguwa.

Ba za a kira ta mai sanyin hali ba. A bakin murhu ta sa amare kuka, ta sa iyayensu ma. Amma in baƙunta ta je aka ajiye mata akushi, ko ruwan zafi ne da kuka, za ta cinye ta sa albarka. Haka aka rene ta, haka aka reni kowa a garin: abincin da mutum ya ba ka don girmamawa ba a kushe shi.

Abu ɗaya take tsoro a duniya, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Mahaifiyarta ma mai girkin taro ce. Da tsufa ya zo mata, harshenta ya dushe ba ta sani ba. Sai ta yi ta zuba gishiri tana cewa ba ta ji ba, har miya ta gagari ci. Ba wanda ya iya faɗa mata. Hindu, tana sabuwar amarya a lokacin, ta ga mata suna fakar idon tsohuwar suna tuttula ruwa a tukunya, suna ƙunshe dariya da bakin zane. Tun ranar ta yi wa kanta alkawari za ta ajiye ludayi kafin a yi mata haka.

A daminar dubu biyu da uku zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta sha magani mai ɗaci, bakinta ya yi mako biyu kome ta sa sai ta ji shi salam. Da ta ɗan farfaɗo, ɗanta Rabilu ya zo ya ɗauke ta zuwa Birnin Ƙwanni don likita ya duba ta, tare da yayanta Mahaman. Shekarar ce Rabilu ya mallaki babbar motarsa ta farko, yana ɗaukar albasar Galmi zuwa bakin teku, kuɗi sun fara zama a aljihunsa. Likita ya ce ta warke sarai. Don murna, Rabilu ya ce yau Inna ba za ta ci abin da aka dafa da ice ba. Ya biya gidansa na nan Ƙwanni ya ɗauko matarsa Badi'a, suka nufi wani sabon otel da aka buɗe a bakin hanyar Yamai, mai ƙofar gilashi.

Sanyin ɗakin ne ya fara marabtar su, har Mahaman ya ja rawaninsa ya rufe kunne. Tebura da fararen mayafai, kowane da furen roba a kwalba. Wani dogon mutum mai baƙin wando ya kawo takarda da Faransanci, Rabilu ya karanta da ƙarfi yana zaɓa musu mafi tsada. Goggo Hindu ta ji an ambaci jika biyar ta kuɗin sefa kwano guda, ta ɗauka na su huɗun ne. Da ta gane na mutum ɗaya ne, sai ta yi salati a ranta, ta ce lalle yau za ta ɗanɗani abin da ba ta taɓa ɗanɗana ba. Har da ɗan ɗoki take jira, irin na mai sana'a da za ta ga aikin wanda ya fi ta.

Sun fi sa'a guda suna zaune. Sannan aka kawo faranti mai faɗin faifai, a tsakiyarsa cinyar kaza ɗaya fara fat, da shinkafa da ba ta fi cikin tafi ba, da wata farar miya a kwance a gefe, da yankan tumatir biyu. Ta ajiye cokali mai yatsu da ya ƙi ta, ta sa hannu. Ta ɗiga miyar a tafi, ta lasa.

Ba ta ji kome ba. Ba gishiri, ba yaji, ba ƙamshin albasa a ƙasar da albasa ke ruɓewa a bakin hanya. Ta yagi naman, ya zo mata da sanyi a kusa da ƙashi, ta tauna ta tauna kamar tana tauna auduga. Ta ɗaga ido ta dubi sauran.

"Kawu, ƙaƙa ka ji shi?" in ji Rabilu.

"Madalla," in ji Mahaman, yana gyaɗa kai. "Wanga shi na abincin manya. Allah shi ƙara buɗi."

Badi'a ta ce ita ba ta taɓa cin kaza mai daɗin wannan ba. Rabilu ya yi murmushi, ya ce ai mai dafawar a Kwatano ya koyo aiki. Sannan ya juyo. "Inna hwa?"

Mutum uku masu lafiya suna yabo, abinci na jika biyar, mai dafawa ya koyo aiki a bakin teku, ita kaɗai ce ba ta ji ba. Ba ta kawo wa ranta cewa kara suke yi wa Rabilu ba, alhali ita ma abin da ta buɗe baki ta yi ke nan. "Ya yi daɗi ƙwarai," ta ce. "Allah shi yi maka albarka." Ta cinye tas, tana neman gishirin a kowace loma.

A gida tana jin ɗanɗanon tuwonta, amma ta daina yarda da shi. Ai mahaifiyarta ma tana ji, sai dai rabi take ji. In harshe ya dushe, abin da ya yi maka daidai ya riga ya yi wa mutane yawa. Haka ta yi ta saƙawa da kwancewa har kaka ta yi, aka sa ranar bikin Nazifa, ɗiyar Saratu. Saratu kuwa ita ce hannun damanta, shekara ashirin tana tsaye a bayanta a bakin tukunya.

Ranar bikin ta zauna a kan turmi kamar kullum. Da lokaci ya yi ta lasa, harshenta ya ce a ƙara. Ta ƙi. Ta rage gishiri, ta rage daudawa, ta hana a sa sauran tonka, wato barkono, duk don kada ta wuce gona da iri. Aka rarraba. Da la'asar kwanuka suka fara dawowa, ita kuwa a nan take karanta sakamakon aikinta tun tana yarinya. Da, a suɗe suke dawowa. Ranar kusan kowanne da sauran miya a ciki.

Ta ja Saratu gefe. "Miyag ga ta yi?"

Saratu ta sunkuyar da kai. "Madalla, Goggo. Allah shi saka."

Sunkuyar da kan nan ta ishe ta. Ta ce a ranta, ashe duk da ragin da na yi, gishirin ya yi yawa. Ta tuna matan da ke tuttula ruwa a tukunyar mahaifiyarta. Da aka sake kawo mata goron gayyata bayan mako uku, ta mayar, ta ce gwiwoyinta sun hana ta, a je wurin Saratu. Aka yi ta roƙo, ta kafe. Daga baya aka daina kawowa.

Shekara huɗu ta yi haka. In ana biki a unguwa takan shige ɗaki ta ja ƙofa, don ƙamshin suyar albasa na tayar mata da hankali. Bakin nan da ke sa amare kuka ya mutu. Kome aka ajiye mata sai ta ce madalla. Jikoki suka taso suna ɗaukar ta tsohuwa mai haƙuri, abin da ya riƙa ba tsofaffin matan garin dariya da tausayi.

Ranar yawon Babbar Salla ta dubu biyu da bakwai, Rabilu ya zo gida da iyalinsa. Ana zaune a tsakar gida da rana ana cin soyayyen nama, sai ya ce wa kawunsa otel ɗin nan ya rufe, an mayar da shi wurin ajiye siminti.

Mahaman ya kwashe da dariya har yana tari. "Ai siminti ya hi dacewa da shi. Yanzu da yam mutu sai in hwaɗi gaskiya. Tun da uwata ta haihe ni ban taɓa cin banza irin ta rannan ba. Kaza awa takalmin roba."

Badi'a ta rufe baki tana dariya, ta ce ita da ƙyar ta haɗiye. Rabilu ya dafe kai. "Kawu, ni kunya tak kusa kashe ni. Loma ta hwarko nig gane an cuce ni. To mi za ni cewa, ni nak kawo ku? Da na sauke ku, wurin mai tsire niz zarce."

Goggo Hindu ta ajiye naman da ke hannunta. "Rabilu, kai ma ba ka ji gishiri ba?"

"Ko ƙwaya, Inna. Ke ko ke kib ba ni mamaki. Na ce yau mai girki ya mutu a bakinki, sai ga shi kin cinye. Ban manta wagga kara da kika yi min ba."

Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa ta cika da godiya. Ta so ta gaya masa gaskiya, ta fasa. Ta ce ba kome.

Washegari ta aika a kira Saratu. Ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Don Allah da Annabi, miyab bukin Nazifa, gishiri na yay yi yawa?"

"Yawa, Goggo? Lami ta. Kowa sai da ya nemi gishiri a ɓoye. Mun ɗauka ciwon na bai sake ki ba."

Goggo Hindu ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, Saratu ta zauna ta taya ta. A nan Goggo Hindu ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, ta kuma sa ta rantse ba za ta bari ya kai kunnen Rabilu ba. Saratu ta ce akwai biki ranar Lahadi, ta zo ta karɓi wurinta. Amma zaman ɗaki na shekara huɗu ya riga ya cinye ƙafafun da gaske, ko masai sai da sanda. Goggo Hindu ta ce a bar shi, a dai riƙa aiko mata miya a ɗan kwano kafin a sauke. Haka aka yi shekara biyu, kwano ya je, saƙo ya dawo a ƙara kaza a rage kaza, har Allah ya karɓi abinsa.

Saratu ta riƙe amana, ba ta faɗa wa kowa ba sai ƴan tsirarun matan da suka yi girki tare. Rabilu yanzu motocinsa shida. In ana hirar iyaye, yakan ce abu ɗaya ke sanyaya masa rai, ya taɓa kai mahaifiyarsa babban otel tana raye. Abincin dai bai yi ba, in ji shi, amma ta cinye tas, ta sa masa albarka.