Kukar da ke bayan katanga

Shekarun baya, a ranin da matata ta rasu, na koma ni ne uwa ni ne uba a gidanmu na haya a Fagge. Yara uku ta bar min. Da safe in dama koko, in nemo takalmin wannan, in wanke wa wancan fuska, in ɗora su a babur zuwa makaranta a Sabon Gari, sannan in wuce shagona na gyaran waya a titin Ibrahim Taiwo. Har kitso na taɓa gwadawa. Maƙwabciyata, wata malamar asibiti 'yar Zariya, ta dubi kan 'yata ta ce, "Malam, don Allah bar min wannan, kai dai ka ji da koko."

Yarinyar ita ce ta tsakiya, ita ce kuma damuwata. Shekararta shida, kuma tun ranar da aka fita da gawar uwarta ta daina magana. Tana cin abinci, in an aike ta tana zuwa, amma ko "Abba" ba ta cewa. An yi addu'o'i, mun ga likita, ya ce in yi haƙuri in riƙa zama da ita. Ni kuwa ko zaman cin tuwo ban samu ba.

Wata safiya mun makara, manyan motoci sun toshe hanya wajen kasuwar Singa, sai na yanke ta wani lungu. A nan babur ya mutu. Ina ta fama da shi ina gumi, ƙaramin yana kuka, babban yana cewa za a doke shi. Sai na ji an ja min riga.

"Abba, waccan ta mutu ne?"

Ashe har na fara manta muryarta. Wata bishiyar kuka take nunawa a bayan katangar wani tsohon gida, babu ganye ko ɗaya a jikinta.

Na ce, "Ba ta mutu ba, rani ne. In ruwa ya sauka za ta sake ganye."

"Umma fa?"

Na san abin da take so in ce. Na ce, "Umma ba za ta dawo ba."

Ta gyaɗa kai, ba ta yi kuka ba. Can ta sake duban kukar ta ce, "Ta fi kyau a haka. Ana ganin hannayenta duka."

Na tura babur gefe na duba. Rana ta bugi jikin bishiyar yana sheƙi, rassan sun miƙe ko'ina a karkace, 'ya'yanta na reto, ga tsofaffin sheƙunan tsuntsaye duk a fili. A unguwar nan na girma, ban taɓa ɗaga kai na gan ta ba. Muka tsaya mu huɗu muna kallo, har babban ya yi shiru. Ranar ya sha bulala a makaranta, bai kuma yi min ƙorafi ba.

Daga nan kullum ta lungun muke bi. Maganarta ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, yawanci a gindin katangar. Kafin ruwan farko aka sayar da gidan, aka sare kukar, aka fara ginin shaguna. Ba ta taɓa ganin ta da ganye ba.

Yanzu ta zama budurwa, har yau ba mai yawan magana ba ce. Ni kuma duk rani, in na hango bishiyar da ta zubar da ganye, sai in rage gudu in kalle ta sosai. Tana min kyau, kuma ƙirjina yana yin nauyi. Na daina jiran ranar da zan ji ɗayan ba tare da ɗayan ba.