Hajiya Amamata da Ginshiƙin Fatake

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 2025, Hajiya Amamata, 'yar zangon Kumasi mai sayar da man kaɗanya da yaji a unguwar Peckham ta London, ta rasu a asibiti a Camberwell. Na daɗe ina rubuta wannan ina sokewa, don ban tabbata na isa ba.

Hajiya, ke kika fara kai mu tsohon zauren 'yan kasuwa na tsakiyar London, wanda aka kafa shekaru fiye da ɗari huɗu da suka wuce. Da mai zagayawa da baƙi ya ce a da kowace ƙasa tana da ginshiƙin da fatakenta ke tsayawa, sai kika zungure ni: "Nata'ala, ɗana, namu fa? Kakana ya kai goro Kano da jaki." Na ce ba za su saurare mu ba. Kika ce in yi booking kawai, wato in nema mana ranar ganin masu zauren, in bar miki surutun.

Da kika gama da su, suka ba ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ginshiƙi ɗaya a ranar baje koli, na gwaji. In an samu ƙorafi, babu mu baɗi. Na roƙe ki kada ki yi wa kowa gyara, domin nan ba a san ta ba. Kika ƙi. Duk wanda ya sayi kwalba sai kin ƙara masa ɗan ƙulli. Turawa suka riƙa dawowa da shi, suna cewa an yi kuskure. Sai ga shugabar zauren ta nufo mu. Ke kuwa kika kama hannunta kika ce, "Ba mistake ba ne, ƙanwata. Haka muke yi don mutum ya dawo." Ta yi dariya, ta karɓi nata. Kafin la'asar layinmu ya kai bakin ƙofa.

Ranar sadakar uku shugabar nan ta zo har gida, ta cire takalmi ta zauna cikin mata. Ta shaida wa 'yarki Mufeeda cewa ginshiƙin ya zama namu duk shekara. Hajiya, kin samo mana shi.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya ƙara miki fiye da abin da kika ƙara wa mutane. Mufeeda, Abdul-Nasir da sauran dangi na Kumasi, Allah Ya ba ku haƙuri.